Man Gyaɗa a Salansa

Shekarun nan kafin a ba mu mulkin kai, a layinmu na Tudun Wada ba wanda ake kallo sai ni. Kekena ya sha tuntu da madubai har huɗu. In na gifta, tsofaffi ma sai sun katse hira.

Sai taubashina, ɗan kawuna da ke akawu a reluwe, ya sayo wani tsohon babur a hannun Baturen da zai koma gida. Da farko dariya na yi, don tsatsa ta ci rabinsa. Amma mutumin nan ya zauna ya kankare tankin da yashi, ya shafa koren fenti, ya ja siririn layi ruwan ɗorawa da gashin kaza. Dukawa suka rufe masa sirdi da jar fata. Ranar da ya fito da shi, wallahi ko awaki ba su dubi kekena ba. Kwana uku tuwo yana tsaya mini a wuya.

Salansa, bututun hayaƙin nan, ita kaɗai ta gagare shi, duk fentin da ya sa sai zafi ya ƙone shi.

"Bawana," ya ce mini, "kai da ka san kwalliya, me zan sa mata?"

Na gyara murya kamar mai wa'azi. "Man gyaɗa. Ka shafa tana da zafi, kullum, har mako guda."

Nufina ya riƙa yawo yana ƙaurin ƙosai, gari ya yi masa dariya. Kuma an yi! Daga nan har unguwar Gyallesu hayaƙi ke bin sa, mata suna leƙowa da kwano suna tambayar mai tuya. Na yi ƙiba a makon nan.

A rana ta takwas na tarar da cincirindo a ƙofar gidansu. Man ya gasu a jikin ƙarfen, salansa ta yi baƙi wuluk tana sheƙi, har wani na gyara hula a jikinta.

"Ai dabarata ce!" na ce da ƙarfi.

Taubashina ya ce, "Ku ji shi! Mai keke ina ya san salansa?"

Aka kwashe da dariya. Na ja kekena ta bayan layi na koma gida, kuma daga ranar nan ta can na riƙa bi.