Haruffa Bakwai na Kawu Khaemba

Kawu Khaemba, ƙanen mahaifiyata, gyaran agogo yake yi a bakin kasuwar Bungoma, cikin wata 'yar rumfa da ba ta ɗaukar mutum biyu. A aji shida na firamare ya bar makaranta. Duk da haka Farfesa ake kiransa, domin a garinmu babu wanda ya kai shi yawan kalmomin Turanci.

A wasan nan na jera haruffa a kan allo ya yi suna, wanda kowa ke zaro 'yan katako bakwai daga jaka ya haɗa kalma da su. Lauyoyi sun sha zuwa daga Kisumu ya lallasa su. Haddarsa kuma daban take. Tara kalmomi yake yi gida-gida, duk masu haruffa iri ɗaya a shafi guda. Ya ce 'yan uwa ne, uwa ɗaya uba ɗaya, wurin zama ne kawai ya bambanta su. Ma'ana kuwa ba ruwansa da ita, sai dai wannan mu na gida kaɗai muka sani.

Shekara takwas da rasuwar matarsa sai Malama Naliaka ta kawo gyaran agogon marigayi mijinta. Ta yi shekara talatin tana koyar da Turanci kafin ta yi ritaya, kuma ita ke riƙe da makullin cocinmu. Batir kawai agogon ke bukata. Kawu ya riƙe shi mako uku, kullum ta zo ya ce ta dawo jibi.

"Farfesa, wai agogon ne ba lafiya ko mai gyaran?" in ji Sifuna mai facin taya, maƙwabcinsa kuma abokin wasansa.

"Ka ji da tayoyinka."

Aurenta yake so, ya rasa ta inda zai fara. Ga shi Farfesa ba zai rubuta wa malamar Turanci wasiƙa da yarenmu ba, ai abin kunya ne. Sai ya yanke shawarar ba ta abin da ya fi daraja a wurinsa, wato gidan A, E, I, N, R, S, T, haruffan da suka ci masa gasarsa ta farko a Eldoret. Ya sayi kati mai furanni, ya rubuta sunanta a sama, ya jera kalmomi huɗu a ƙasa: NASTIER, STAINER, RETSINA, RETAINS.

Ran Lahadi muna cin tuwon masara ya miƙo mini katin, tunda ni ce na yi jami'a.

"Kowacce akwai kyautar maki hamsin a kanta," ya ce, "ban da na haruffan."

Na karanta. Na ɗaga kai na ga ya yi aski, rigarsa ta sha guga. Na ce, "Rubutun ya yi kyau, Kawu." Kuma da gaske ya yi kyau.

Ran Talata ta zo rumfar, lema a hannu ɗaya, kati a ɗaya. Ina tsaye a gefe na zo karɓar saƙon mahaifiyata.

"Khaemba, ni ce NASTIER?"

"Ke ce, Malama. Duk garin nan babu kamarki."

"Wato na fi kowa mugun hali."

Sifuna ya ajiye tayar da ke hannunsa ya matso.

"STAINER," ta ci gaba, "mai ɓata wa mutane tufafi da tabo. RETSINA kuma giya ce ta Girkawa. Ni! A wace mashaya ka taɓa ganina?"

"Wayyo cikina!" in ji Sifuna. "Farfesa, ashe haka kake zawarci? Gara ka jefe ta da dutse."

Kawu ya cire gilashin da yake maƙalawa a ido. Murya ƙasa-ƙasa ya ce, "Ta huɗun fa?"

"RETAINS. Mutum ya riƙe abu ya ƙi saki. Kamar agogon mijina."

Ya buɗe aljihun tebur ya ɗauko agogon, ga agogo yana ta aiki abinsa, ya ajiye a gabanta. Mata masu tumatir sun riga sun taru. A gabansu ya ce, "Malama, ban san ma'anar ko ɗaya ba. Ba waɗannan kaɗai ba. Dukansu."

"Su nawa ne?"

"Za su kai dubu talatin."

Ta ɗauki agogon. Sannan ta ce, "Na ƙarar da ƙuruciyata a kan yaran da ba su iya haruffan ba, ba su san ma'anar ba. Kai ko ba komai ka yi rabin aikin." Ta ce kullum ƙarfe huɗu ya zo gidanta, kalma biyar a rana.

Sifuna ya ƙirga da yatsu. "Malama, ai sai ya yi shekara goma sha shida!"

"Wa ya ce sai ya gama?"

A watan Agusta aka ɗaura auren.

Tun daga nan Kawu bai sake cin gasa ba. Da can haruffa na faɗowa hannunsa yake jera su. Yanzu sai ya ga kalma ya tsaya, ya yi murmushi ko ya ɓata rai, lokaci na ta tafiya. Watan jiya a Kakamega ya sami wata kalma mai maki tamanin da za ta gama wasan, ya ƙi ajiye ta, saboda abokin karawarsa fasto ne, shi kuma yanzu ya san abin da take nufi. Na tara ya zo a gasar.

Da ya dawo gida Malama ta tambaye shi wace kalma ce. Ya dube ni, ya sunkuya ya raɗa mata a kunne.

"Khaemba! Wa ya koya maka wannan? Ba dai ni ba."

Ya ce ai ya fara duba ƙamus da kansa.