Bahon Baƙi na Yaya Safara'u

In ka shiga gidan yayata Safara'u a bayan Minjibir, kafin ta ce maka sannu da zuwa sai ta duba hannunka, kada dai ka taho da kifi. Tun da mijinta ya rasu ya bar mata marayu da kududdufin siminti, tarwada take kiwo. A ciki akwai manyan iyayen da take ƙyanƙyasa da su, da su ta riƙe gidan har yara suka kawo ƙarfi. Ni ƙaninta ne, Muntaka. Na sha faɗa mata ta fi son kifin nan a kaina, ita kuma ba ta taɓa musawa ba.

Dokarta ɗaya ce. Duk sabon kifi, ko daga ina ya fito, sai ya fara sauka a wani tsohon baho da ke bayan rumbu. Ruwansa daban, bokitinsa daban. Can zai yi makonni tana yi masa wankan gishiri, tana juya shi tana duba ko akwai matsattsaku ko gyambo. Mutanen unguwa ɗakin baƙi suke ce wa bahon.

To, sai ɗanta Zaharaddini ya ga Muhsina, 'yar Alhaji Sabo na Ɗambatta, wanda shi ma kifi yake kiwo. Magana ta yi nisa, saura sa rana. Rannan sai ga Alhaji da kansa, da jarka cike da tarwada a bayan mota. Wai kyautar zumunci ce, kuma da hannunsa yake so ya juye su cikin nata, kifi su haɗu kafin mutane su haɗu.

Ina kallo Zaharaddini ya sunkuyar da kai, don ya san halin uwarsa. Ta durƙusa daga nesa ta gaida Alhaji, ta yi godiya har ta gaji, sannan ta gyara mayafi.

"Alhaji, a yi haƙuri. Sai sun sauka a baho tukuna."

"Kifina ne ke da cuta?"

"Ko na mahaifina ne, can zai sauka."

Alhaji ya sa aka sauke jarkar. Ko furar da aka dama masa bai taɓa ba, ya ja motarsa. Wallahi raina ya ɓaci. Na ce mata a kan kifi za ta kashe wa yaro aure? Ta ce ita ma abin yana ci mata rai, amma kududdufin nan shi ne tuwon ƙannensa. Yaro ya bi ya rame, daga Ɗambatta kuwa shiru kamar an aiki bawa garinsu.

Ba a jima ba ta kira ni bayan rumbu, ta kamo ɗaya daga cikin baƙin ta juya. Ga ƙananan matsattsaku nan maƙale a ƙarƙashin wuyanta. Na ce madalla, yanzu sai a kira dangi su gani da idonsu. Ta watsa mini wata harara. Ta ce in na kuskura na buɗe baki, ba ni ba ita. Mutum ya kawo kyauta da zuciya ɗaya, ba ita za ta tona masa asiri ba. Abin da ya dame ta ma nasa kududdufin ne, tunda daga can suka fito.

Sai ta ce a haɗa kayan sa rana a kai, ko a karɓa ko a dawo da su. Aka sayo goro da alawa da buhun gishiri kamar yadda aka saba, ita kuma ta ƙara buhu na biyu. Wa zai tambayi dalilin gishiri a irin wannan rana?

Ni na raka dattawa. Bayan gaisuwa na ja Alhaji gefe na isar da saƙonta: buhu ɗaya na al'ada ne, ɗayan kuma na wankan kifi ne, ya je ya duba ƙarƙashin wuyan nasa, kuma babu wanda ya ji. Ya dube ni, sannan ya shige cikin gida. Muka zauna a zaure da goro a gabanmu. Can sai ga shi ya dawo, hannun rigarsa a jiƙe. Ya zauna, ya yi gyaran murya, ya ce a sa rana bayan an shigo da gero.

Da baƙin suka warke sarai, Yaya ta aika masa ya zo ya cika burinsa. Ya zo shi da direbansa, ya ɗauki bokitin kifin har bakin kududdufi, sai ya tsaya ya juyo wajen da take durƙushe.

"Hajiya, sun cika kwanakinsu?"

Ta ce sun cika. Ya ajiye bokitin, ya wanke hannunsa da ruwan gishiri ba wanda ya sa shi, sannan ya juye su. Ni kuwa ban san sanda na taɓo direbansa ba, mutumin da ko tambayata bai yi ba, na ce masa, "Yayata ce fa, uwa ɗaya uba ɗaya."