Ranar da Mas'uda ta miƙa Laure

Mas'uda 'yar Tasawa ce, tana sayar da yaji da busasshiyar kuɓewa a bakin Kasuwar Assihar, can a ƙasar waje. Shekara tara ke nan da rabuwarta da Isufu, mai aikin lambu a Outoul. Lokacin da auren ya mutu, dattawan unguwa suka yanke cewa Laure, 'yarsu tilo, ta zauna wurin uwa, uban ya riƙa ɗaukarta duk Juma'a. Haka aka yi ta tafiya, ba wanda ya taɓa saɓawa.

Sai takardar zaman Mas'uda ta ƙare. Ta yi ta sintiri a buro, ofishin da ake sabunta takardar, kullum a ce ta dawo. Wata Talata da hantsi aka zo kamen marasa takarda a kasuwa. Ta faɗa bayan buhunan gawayi ta tsuguna, tana jin kukan maƙwabciyarta Kande da aka sa a mota, ga 'ya'yan Kande biyu suna lekkol, wato makarantar boko, ba su san abin da ake ciki ba. Da ƙura ta lafa, Mas'uda ta fito daga bayan buhunan.

Tun daga ranar, ko birki ta ji an taka sai gabanta ya faɗi. In ita kaɗai aka kama, wa zai buɗe wa Laure ƙofa? In kuma aka haɗa da yarinyar, ta sha jin labarin tafiyar ƙafa da waɗanda aka kora ke yi cikin rairayi a bakin iyaka.

Ta tafi lambu, ta tarar da Isufu yana ba tumatir ruwa.

"Baban Laure, na zo ka karɓe ta. Kai takardarka lafiya lau take."

Ya ajiye tiyo ya dube ta. "Ba ke kika ce sai bayan ranki ba?"

"Na faɗa. Yanzu tsoro nake ji."

Ya yarda, ya ce zai riƙa kai yarinyar lekkol a babur, Juma'a kuwa ta koma ta uwa.

Ana ɗaure kaya Laure ta tambaya, "Inna, laifi na yi?"

"Ba ki yi komai ba," in ji Mas'uda. Sau uku tana kwance ƙullin tana sake ɗaurewa.

Har yau takardar ba ta fito ba. Mas'uda na nan a kasuwa, ta juya teburinta yana fuskantar titi don ta hango motar kame, lambar wayar Isufu kuma a rubuce take a cikin haɓar zanenta.