Na Sa Tsohuwa Ta Kama Sunan 'Yar Farinta

Edita, sallama a gare ka da masu karatu. Don Allah a sakaya sunana, ni ma ba zan kama sunan kowa ba.

Lokacin da abin nan ya faru, ni saurayi ne mai harkar kifi a kasuwar Haɗejiya. Ina shiga ƙauyukan bakin fadama ta wajen Guri in saro banda, in ɗaure a kwalaye in ɗora wa motocin Kudu. Tsakanin zuwan mota da tashinta ba ni da aiki sai latsa waya, a nan na faɗa wani guruf da aka buɗe don caccakar 'yan fim. A bakinmu wai gyaran tarbiyya muke yi, amma gaskiya daɗin zagin muke ji. Akwai wata 'yar fim da muka fi sa wa ido. Ba ta taɓa yi min komai ba, ban ma taɓa ganinta ido da ido ba, amma in ta sa hoto sai na nemo abin kushewa, ko ɗaurin ɗankwali ne. Da yake bakina da kaifi, har aka ba ni admin, ni kuwa kai ya kumbura.

A cikin masu sayar min da banda akwai wata tsohuwa, asalinsu Fulani ne da suka zauna suka koma noma da kifi. Tarwaɗarta ba ta yin tsutsa, ba ta kuma cusa ruɓaɓɓe a ƙasan kwando. Ɗana take ce min, in na iso da rana sai ta dama min fura kafin a yi maganar ciniki. Wata rana mai kwalekwalen da ke tsallakar da ni ya tsegunta min cewa ai 'yar fim ɗin nan 'yar tsohuwar ce, 'yar farinta ma, tun tana ƙarama aka ba wa gwaggonta riƙo a Kano. Wallahi ji na yi kamar na tsinci dami a kala.

Zuwan da na yi na gaba, na kunna kyamarar waya na saƙale ta a aljihun gaba. Tana juya kifi a kan ragar banda na kama sunan yarinyar, na tambaye ta wai da gaske 'yarta ce. Ta kau da kai, ta ja mayafi, ta ce ita ba ta san wannan ba, in tambayi mutanen gidan. Na ƙara matsawa, ta ce don Allah in bar zancen, ba ruwanta da ita. Edita, a nan laifina yake. Na san abin da na gani. Kunyar ɗan fari ce, wadda uwa ba ta kama sunansa, ba ta nuna shi a gaban mutane. Tawa uwar har gobe "wancan" take ce wa yayana, alhali in ya yi zazzaɓi ba ta iya cin abinci. Na sani sarai, amma na yanko wurin na saka a guruf, na rubuta a ƙasa cewa ga uwar tauraruwarku cikin hayaƙi, ta sallama ta.

Kafin in kai Haɗejiya bidiyon ya fi ƙarfin guruf ɗinmu. Kwana biyu zancen ya rikiɗe, aka ce ai tsine mata ta yi. Kowa ya san nauyin wannan kalma a ƙasar Hausa. Aka cire ta daga wani fim da aka fara ɗauka, masu ba ta talla suka janye. Ta fito ta ce ƙarya ne, muka ce me za ta ce dama. Wasu dattawa sun rubuta cewa wannan alkunya ce kawai, ni da hannuna na goge maganarsu na fitar da su. Masu neman mabiya kuwa suka dinga ɗaukar kwalekwale zuwa ƙauyen, kowa da waya a hannu, har tsohuwa ta kashe wutar bandarta ta daina fitowa.

Bayan kamar mako biyu wani bidiyon ya fito. Tsohuwar ce zaune a kan tabarma a tsakar gidanta, 'yar na gefe. Ta ɗago ta dubi kyamara, ta kama sunan yarinyar, cikakke, ta ce ita ta haife ta, ba ta taɓa saɓa mata ba, ɗakin da take kwana ma yarinyar ce ta gina mata bayan ambaliya ta cinye na da. Ta ce banda kuwa sana'arta ce, an yi an yi ta bari ta ƙi. Ta sa mata albarka, sannan ta rufe fuska da mayafi. A guruf aka shiga cewa biyanta aka yi. Ni kam na san shekara talatin da wani abu wannan baki bai furta sunan nan ba, sai da na tilasta shi a gaban duniya.

Na fita daga guruf ɗin, na rubuta gaskiyar abin da na yi a shafina. Waɗanda suka karanta ba su kai rabin rabin masu yaɗa na farkon ba. Sai da na yi wata guda kafin na iya tsallakawa ƙauyen. Na durƙusa na ce ni ne, ta ce ta sani tun ranar, ai muryata ce a ciki. Ta ce ta yafe, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Ta auna min kifi mai kyau kamar kullum, ta sa aka kawo min ruwa. Da zan tafi ta ce Malam, a sauka lafiya.

Abin da na koya shi ne, duk wanda muke gani a waya muna jifa, akwai wata tsohuwa a bayansa da ba ta san ma me ake kira guruf ba, kuma ita jifan yake samu. 'Yan uwana masu zaman zagin 'yan fim da mawaƙa da sunan gyara, ku ji tsoron Allah, ku duba abin da za ku tura kafin ku danna. Yarinyar ta koma fim ɗinta, mutane sun manta. Ni har yau ina sayen banda a wurin tsohuwar, shekara uku ke nan, ciniki lafiya lau, amma ba ta sake ce min ɗana ba.