Ruwan wankin ƙafata ya tara mini jama'a

Jama'a, tun safe nake rubutawa ina gogewa, don ina tsoron ƙara jawo wa kaina mutane. Amma dole in faɗa. Yau ruwan da na wanke ƙafa da shi ya zama abin rububi!

Kun san tsaunin bayan gidana a Uke, wanda masu farautar gafiya suka ƙone da rani. Ruwan jiya ya zaftaro shi har gindin katangata. Na shiga laka na duba ɓarna, na dawo na wanke ƙafa a daro. Zan zubar ke nan, maƙwabcina Baba Tanko, tsohon mai haƙar ma'adinai, ya riƙe hannuna.

"Kai, Malam Sule, kar ka zubar! Dubi ƙasan daron!"

Wasu 'yan ƙwayoyi rawaya suna ƙyalli!

Ya ce, "Wuta ta cinye ciyawa, ruwa ya kwaso ƙasa. Haka zinariya ke fitowa."

Na ce, "Baba, don Allah yi a hankali."

Ashe Maman Joy mai shago ta ji, ta baza labari. Kafin azahar bayan gidana ya cika da masu diga da shebur! Na ce musu su daina haƙa, katanga za ta faɗo wa iyalina. Wani ya ce, "Oga, idan ta faɗi ka gina bene!" Har takalmana an ɗauke saboda lakar jikinsu!

Yanzu katangar ta tsage, kuma ba su daina ba. Don Allah, wanda ya sani ya faɗa mini: da gaske gobara da zaftarewar ƙasa na tono zinariya? Kuma wa zan kira ya tsayar da su kafin magariba?