Kwalbar Uwar Tsutsa

Ƙarfe bakwai na safe tana ɗakin gwaji, tana yanka ɗanyen ganyen masara tana rarrabawa a kwalabe. Uwar Tsutsa muke ce mata, kuma shekara ashirin da shida sunan bai taɓa ɓata mata rai ba. Ni malamin gona ne, ni ke kawo mata tsutsar da ke cinye wa mutane masara.

Aikinta na son haƙurin da ni ba ni da shi. Za ta ɗiga wa tsutsa maganin ƙwari a baya, ta ɗora ta kan takarda mai layi-layi, ta tsura wa agogo ido: layi nawa za ta tsallake a minti goma? Sannan ta niƙa ta, ta auna ƙarfin sinadarin da jikinta ke karya guba da shi. Sai ta gwada da nata tsutsotsin na kwalba, waɗanda tun kakanninsu ba su taɓa shaƙar magani ba. Su ne ma'auninta. In babu su, ba mai gane ko magani ya daina ci.

Da haka ta hana yayana ninka feshi a gonarsa. "Tsutsarka yawonta take da maganin a jiki," in ji ta. "Canza wani, ka bar huhunka ya huta." Ya yi ta mita, amma ya girbi masara.

To, makon da za ta yi ritaya, shugaban sashenmu ya ga kyankyaso, ya ce manyan baƙi na tafe, a feshe ginin kaf ranar Asabar. Har da ɗakinta. A gidan binciken ƙwari fa, kuma mutum mai digiri uku a bango. Har yau in na tuna raina tafasa yake.

Ranar Litinin muka tarar tsutsotsin kwalba duk sun sandare. Shugaba na sosa ƙeya, wai a kawo wasu daga gona.

"Ranka ya daɗe, na gona ai su ake gwadawa," ta ce, ta buɗe jakarta. Kwalba ɗaya ce, cike da motsi. Ashe duk Juma'a sai ta tafi da ɗaya gida, mijinta na faɗan an mayar masa da ɗaki gona.

Ke ce kika riƙe mana ma'auni, Uwar Tsutsa, mu muna ta yi miki dariya. Mun gode, Allah ya saka miki da alheri. Masu tasowa, ga wadda za ku yi koyi da ita.

Ranar ban kwana shugaba ya miƙa mata agogon bango. Ita kuwa ta miƙa kwalbar ga wadda za ta gaje ta, ta ce, "Ƙanwata, Juma'a kada ki bar ta nan."