Ranar da Aka Ƙirga Hannuwa a Bakin Tabki

In na ji warin laka ɗanya bayan saukar ruwa, sai in tuna tabkin garinmu, Madarumfa, da shekarar da nake aji huɗu a lakwal, wato makarantar boko.

A ƙarshen daminar nan ne wasu ma'aikata suka zo daga Maraɗi cikin farar mota. Suna so a share bakin tabki ta gabas, a dasa itatuwa, a gina bencina na siminti, a zagaye da waya, mutane su samu wurin shan iska. Nan da nan gari ya rabu biyu. Mushe, wato malaminmu na lakwal, yana so. Masunta suna tambayar ina za su ɗaure jiragensu. Mata a rijiya ba su da wata magana sai ita. Babana mai lambu ne, shi ma yana so, don ya gaji da awaki.

Kakata kuwa, idonta ya daɗe da mutuwa, ni ce mai ja mata sanda. A gabas ɗin nan akwai wata tsohuwar tsamiya da 'yan tudun ƙasa kewaye da ita, waɗanda ake cewa kaburburan mutanen da can ne, inda ko makiyayi ba ya zama.

Aka kira taro bayan la'asar, nan kusa da tsamiyar. Kaka ta ce in kai ta. Bayan doguwar gardama, mai gari ya ce a ɗaga hannu, mushe ya ƙirga. Masu so suka ɗaga, ya rubuta. Da aka zo kan waɗanda ba su so, ya ƙirga, ya tsaya, ya sake. A karo na uku sai ya juya wajen mai gari.

"Ranka ya daɗe," ya ce, "hannuwan sun fi mutanen da ke nan yawa."

Ba wanda ya yi dariya. Iska ta ɗauke, kwaɗi suka yi tsit. Kaka ta matse mini kafaɗa.

"Kada ki waiwaya," ta ce a hankali. "Su ma an taɓa musu gida, dole su zo."

Ban waiwaya ba sai da aka watse. Can bayan sahun dattawa, inda ba wanda ya zauna, rairayi ya jiƙe layi-layi, kamar mutane sun fito daga ruwa sun zauna sun tashi.

Washegari babana da kansa ya tumɓuke turakun awon da ma'aikatan suka kafa ya mai da su yamma. A can aka yi dashen.

Yau itatuwan sun yi inuwa, samari na zaune a ƙarƙashinsu suna latsa salula, kuma an fara maganar faɗaɗa wurin ta gabas. Jiya ɗiyata ta ce in zo taron da aka kira kan maganar, wai ana son jin ra'ayin kowa. Na ce mata zan zo, amma a sahun gaba zan zauna.